Kan Inna na Yumɓu

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na wanke randa, na cika ta. Datti yana taruwa a gefen ɗan ƙullin nan da ke cikin wuyanta, sai da na sa soso.

Ƙarfe biyar na yamma

Kati sittin da uku na fitar yau a asibiti. Ina kulle ɗakin kati sai ga kiran ƙanwata Nasiha daga Kebbe. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Yaya Batula, kin tuna Baturiyar da ta gina kan Inna da yumɓu, tun Inna tana budurwa? To ta rasu, shekara biyu ke nan. Ɗiyar ƙanenta ta aiko takarda ta hannun hedimasta. Wai za ta zo ta ga kan, ta ɗauki hoto."

Na ce yaushe.

"Ashirin da tara ga wata. An hana ta shigowa Kebbe saboda hanya, don haka wurinki za ta sauka. Dama kan yana wurinki. Ni da Inna za mu zo mu tarye ta. Ki fiddo shi ki kakkaɓe, kada Bature ya ce mu ƙazamai ne."

Na ce to.

Na ji muryar Inna daga nesa tana cewa, "Tambayi waccan, yana nan?" Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole. Komai ta bakin Nasiha yake bi.

Na ce yana nan cikin akwati.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan sallar asuba

A cikin akwatin akwai zannuwa huɗu, da takardun haihuwar yara, da tsohon mayafin aurena. Na san haka. Duk da haka na buɗe.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da kwata

Nasiha ta turo hoton takardar a waya, don in fassara wa Inna. Na zauna da ƙamus na rubuta fassarar da fensir, sau biyu, kafin in kira su. Zan kwafe abin da na gane a nan.

Sunan matar Hilda Varney. An haife ta a 1934 a wani gari na masu fasa dutse. Ubanta yana sassaƙa duwatsun kan kabari, a wurinsa ta fara riƙe guduma tana 'yar shekara goma. Da ta je makarantar zane a Landan, wani malami ya ce mata hannun mace na zana furanni ne, ta bar dutse ga maza. Ba ta bari ba. Shekara goma sha ɗaya tana wanke kaya a wata maƙera don ta samu abin ci, tana sassaƙa da yamma, ba mai saye. Tana da shekara arba'in da huɗu ta zo Sakkwato koyar da zane a makarantar 'yan mata. Wata rana ta ga tulunan Kebbe a kasuwa, ta bi matan da suka kawo su har gida, ta yi rani guda cur a unguwarmu.

Da ta koma ƙasarsu ta ajiye dutse ta kama yumɓu. Kawunan mutane take ginawa. Sai da ta wuce sittin aka fara sanin sunanta. Da tsufa ya sandarar mata da yatsu, sai ta riƙa ɗaure buroshi a hannu da tsumma tana zane da fenti. Rut, wato ɗiyar ƙanen nata, ta ce fuskar yarinya guda ta zana har sau goma sha ɗaya, kuma a bayan kowane ta rubuta Lauratu, Kebbe.

Lauratu sunan Inna ne. Da na zo wurin na tsallake, na ce "sunanki".

Sakin layi na ƙarshe ya ce duk kawunan da ta gina a rayuwarta, ɗaya kaɗai ta bari a hannun mai shi, kuma ta rubuta a littafinta cewa shi ya fi kyau. Za a baje ayyukanta baɗi a garinsu. Hoton wannan kan ne kawai suka rasa, sai wani tsoho da ya dushe.

Inna ta ce wa Nasiha, "Allah Sarki, Hilida. Ga son kunun tsamiya." Sannan ta ce tana so ta shafa shi kafin baƙuwar ta iso, tunda idon ya tafi, sai hannu.

Juma'a, 11 ga Oktoba, tsakar rana

Na ba wata mata katin wani mutum. Ban taɓa yin haka ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Maigidana Malam Usman ya tambaye ni wane kai ne ake ta magana. Shekara ashirin da biyu muna tare, bai taɓa ganinsa ba. Na ce wani tsohon abu ne na Inna. Ya ce, "Wanda gwaggo Madina ta ce ta gani a gidanku tun kafin biki? Ai na manta da shi." Ya yi dariya, ya ɗauki alli da rijista ya tafi shirya darasin gobe.

Shi ya manta.

Na daɗe ina kallon tsohon hoton da ke jikin takardar. Goshin, da kitson shuku, da yadda leɓen ƙasa ya ɗan turo kamar za ta yi gardama. Kunnen hagu da hujinsa. A ɗakin Inna yake zaune da, a kan kabad, an yafa masa ƙyalle. Ina ƙarama nakan ɗaga ƙyallen in gaishe shi.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Na hau babur zuwa Jabo wurin wata maginiya, Yelwa. Na zaɓi Jabo don ba a san ni ba. Na nuna mata hoton a waya.

Ta duba, ta duba ni. "Wagga ai ke ce."

Na ce mahaifiyata ce.

"To ni tukunya nake yi da tulu da kasko. Hanci da baki, wannan aikin Allah ne. Mi za ki yi da shi?"

Na ce ado. Ta ce, "Ado!" ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji. Daga ƙarshe ta sayar mini da yumɓu cikin buhu, ɗanye, yadda aka haƙo shi. Ta fara cewa wani abu game da haɗi, amma mai babur yana ta danna oda, ni kuma ina so in bar gaban idanunsu. Ban tsaya na ji ba.

'Yar maginiya, jikar maginiya, ina sayen yumɓu a ɓoye a garin wasu. Inna ta so ta koya mini. A lokacin ina aji uku na sakandare, na ce mata farcena yana baƙi, 'yan ajinmu suna dariya. Ba ta sake kira na ba. Nasiha ta koya.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Kwana biyu ina ginawa a bayan kicin, idan Malam yana makaranta. Hancin ya karkace. Na rushe, na sake.

Na san ba zai ruɗi mai ido ba. Ina ta gaya wa kaina Rut ba ta taɓa ganin na gasken ba. Amma ba ita nake shirin ruɗa ba, kuma na sani. Makauniya nake shirin ruɗa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, safe

Ya bushe. Ya fi kama da ni a ranar da ban da lafiya.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na ɗauki hutun yini. Na tara kara da busasshen kashin shanu yadda nake ganin Inna tana yi, na sa shi a tsakiya, na kunna. Ban kai ga zama ba na ji ƙara kamar an harba bindiga. Kaji suka watse. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga tana salati, tana tambaya ko gas ne.

Na ce gwangwani ne a cikin shara.

Da wutar ta mutu na tona tokar da sanda. Gutsure goma sha huɗu. Na ƙirga, ban san dalili ba. Na ƙirga wancan ma, a lokacinsa. Tara ne.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Jiya na rubuta "wancan". Bari in rubuta sauran, tunda ba mai karanta littafin nan.

Saura sati uku bikina. Dangin Malam suka zo kawo kaya, gwaggonsa Madina ta shiga ɗakin Inna yin sallah, iska ta ɗaga ƙyallen. Ta fito da dardumarta ta shimfiɗa a tsakar gida. Ba ta ce komai ba sai a zaure, inda take zaton ba mai ji: "Ashe gidan gumaka za mu ɗauko mata." A Islamiyya ma an karantar da mu cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi. Na yarda da karatun, har yau ban ce malaminmu ya yi kuskure ba. Amma ba don mala'iku na yi ba. Don gwaggo Madina na yi.

Ranar kasuwa ce, Inna ta kai tukwane. Da tsakar rana na ɗauke shi na kai bayan gida. Taɓarya na sa. Bugu uku. Na zuba a juji na rufe da toka.

Da ta dawo na ce, ina kallon ƙasa, na naɗe shi na sa a akwatin aurena, zan tafi da shi Tambuwal in adana mata, kada yara su fasa. Ta daɗe tana wanke ƙafa. Ta ce wa Nasiha, wadda ko shekara goma ba ta kai ba, "To, ta kyauta."

Da na ce mata haramun ne, ta cire shi, da mun yi rigima ta kwana biyu ta wuce. Da na ce na fasa, da ta yi fushi ta huce. Ban ce ko ɗaya ba. Kowace Sallah tana aiko tambaya, ina aika amsa. Sau arba'in da huɗu, in ban yi kuskuren lissafi ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, safe

Gobe za su zo. Na share toka. Na wanke randa tun ba lokacinta ba.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida saura

Sun iso da azahar, babur ya jijjiga Inna har tana riƙe ƙugu. Ta rame. Idanun sun yi fari duka biyun. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Nasiha ba ta ko sha ruwa ba ta ce, "Yaya, fito da kishiyar Inna mu gani, ko ita ma ta tsufa."

Na ce makullin akwatin ya ɓata, zan kira kafinta.

"Ke? Ke da ko allura kika ajiye sai kin rubuta ranar da kika ajiye ta? Kawo guduma."

Inna ta ce, "Bar ta. Kai ni bayan gida in kama ruwa."

Da suka dawo, Inna tana murza wani abu tsakanin yatsu. Na gane shi. Gutsure ne da tsintsiya ta bari. Ta kai shi hanci, ta taɓa da harshe, ta zauna a tabarma. Sai ta fara ba Nasiha labari da murya sama, yadda har kicin ina ji.

"Kin san Hilida, da tana sabuwar zuwa, kai uku ta gina, duk sunka fashe cikin wuta. Tum! Tum! Har mai unguwa ya aiko a ji lafiya. Ta zauna bisa turmi tana kuka, mace da furfura. Ita da ta yi karatun abin a Ingila. Sai tsohuwata ta kama hannunta ta nuna mata: yumɓu tsura ba ya jure wuta. Sai an daka tsohon tsingaro, fasasshiyar tukunya wadda ta riga ta sha wuta, an haɗa. Tsohon shi ka riƙe sabon. Kuma a rarake cikin, kada a bar shi cunkus. Kwana tara tana daka tsingaro, tafin hannunta duk ya yi kanta. Na huɗun shi ne nawa. Da munka fiddo shi daga toka ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara kamar ƙarfe, ta rungume tsohuwata har sunka faɗi."

Nasiha ta ce, "Mi ya kawo wanga labari, Inna?"

"Ba komi. Yumɓun Jabo na ji a bayan gida. Yashi ya yi masa yawa."

Na ƙona miya.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Sau biyu na je ƙofar ɗakin. Na farko Inna tana sallah. Na biyu ba ta komai, tana zaune kawai. Na tambaye ta ko tana son fura.

Litinin, 28 ga Oktoba, safe

Ban kira kafinta ba. Nasiha ta daina yi mini wasa, kallo kawai take yi.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Zan rubuta a jere, kada in tsallake.

Motar ta iso daga Sakkwato da hantsi. Rut doguwa ce, ta haura sittin, fuskarta ta yi ja da rana. Ta cire takalma tun daga zaure, tana cewa sannu ga kowa har da akuya. Direban ya zauna waje da Malam. Ni ce tafinta, tunda ni ce mai Turanci.

Ta durƙusa gaban Inna ta riƙe hannunta. Ta ce ta girma tana ganin fuskar nan a bangon gwaggonta. Ta kawo ɗaya daga cikin zanen, ƙarami, ta sa a cinyar Inna. Inna ta bi fentin da yatsa, ta ce, "Ta cika shi da kauri. Dama haka take, ba ta san kaɗan ba." Na fassara. Rut ta yi dariya har da hawaye. Suka yi ta hira ta bakina. Inna ta tambaya ko Hilida ta yi aure, aka ce a'a. Ta ce ai ta faɗa mata tun a lokacin, mai daka tsingaro kwana tara ba ta da lokacin miji.

Sannan Rut ta ciro kyamara, ta tambaya a hankali ko za ta iya ganin kan.

Na fassara. Na buɗe baki zan yi maganar makulli, sai Inna ta riga ni.

"A ce mata ta yi haƙuri. Kan ya suɓuce daga hannuna ya fashe, tun da daɗewa. Ni da gaggawa."

Nasiha ta juyo ta dube ni. Inna tana fuskantar bango, hannunta a kan zanen, kamar ta faɗi farashin gero.

Jimla uku ce. Turancinta ba wuya. Ba wanda zai taɓa sani.

Na ce wa Rut, da Turancin da ya rage mini, mahaifiyata ta ce ita ta yar da shi, amma ba haka ba ne. Na faɗi taɓaryar. Na faɗi jujin, da akwatin, da shekarun. Rut ta sauke kyamarar a hankali ta ajiye a tabarma.

Inna ta ce, "Nasiha, maganata gajera ce. Waccan mi take ta ƙarawa?"

Sai na maimaita da Hausa. Wannan ya fi wuya. Ban ɗaga kai ba, saƙar tabarmar nake kallo, har yanzu zan iya zana ta.

Can Inna ta miƙa wa Nasiha hannu ta ce a kai ta wurin randa.

Ta durƙusa gabanta, ta ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, ta saurara. Ta ce, "Lafiya lau take." Ta zura hannu cikin wuyan, ta lalluba, ta tsaya. Ta ce a kawo hannun baƙuwa. Ta ɗora yatsan Rut a kan ɗan ƙullin nan.

"A ce mata wanga kunne ne. Na hagu. Ga hujin."

Ban iya fassarawa ba. Rut ta gane da yatsa.

Inna ta ci gaba, wai da Rut take. Ta ce ranar da yamma ta je zubar da toka ta ga goshinta yana leƙowa daga juji. Ta tsince duka tara. Takwas ta daka ta haɗa da sabon yumɓu, ta gina randar da za ta sa a kayan auren ɗiyarta. Kunnen ta kasa dakawa, sai ta manna shi a ciki, tana tsoron ya tsaga wuyan a wuta. Bai tsaga ba.

"Ta ce za ta tafi da shi Tambuwal ta adana mini. To ta tafi da shi, kuma ta adana. Randa shekara ashirin da biyu ba ko tsaguwa, a gidan mai 'ya'ya biyar."

Nasiha ta fashe da kuka tana faɗa. "To Inna, kin sani, mi ya sa kike sa ni tambaya kowace Sallah kamar mahaukaciya?"

"Ina ji ko ta gaji da ɗaukar abin ta sauke. Ni ba zan iya sauke mata ba. Ɗiyar fari ce, da wane baki?"

Rut ta ɗauki hoton randar ta kowane gefe, har ta sa tocilar waya a ciki. Ta tambaya, tana jin nauyi, ko za a ba su aronta su kai baje kolin su dawo da ita. Inna ta ce, "A ce mata ruwa muke sha a ciki." Rut ta tambaya ko za ta iya rubuta labarin a ƙarƙashin hoton, ba tare da sunana ba. Na ce ta sa sunan.

Sun tafi kafin la'asar saboda hanya.

Bayan magariba

Na kai wa Inna tuwo. Nasiha tana wanka, ba kowa a ɗakin sai mu biyu. Na ajiye kwanon zan fita.

Ta ce, "Ke."

Na tsaya.

"Kin bar shi cunkus, ba ki rarake ba. Kuma ba tsingaro. Sauran yumɓun yana nan?"

Na ce rabin buhu.

"Jiƙa shi. Ba kai za mu yi ba. Kasko za ki fara."

Na ce to. Ta ce in kawo mata ruwa, na kawo, ta sha, ta miƙo mini sauran.

Ban nemi gafara da baki ba tukuna. Na tsara kalmomin sau uku, duk sun yi kama da takardar ofis.

Gobe:
jiƙa yumɓu tun da asuba
tsince gutsure goma sha huɗun daga shara, a daka
yanke farce
gaya wa Malam, duka
neman hutun kwana uku
gyara katin matar nan ta ranar Juma'a
Inna, kafin Nasiha ta tashi
cika randa